Aro Daban, Rance Daban: Tantance Ma'anar Keɓaɓɓun Kalmomi da Taimakon Kwamfuta

Matar da ta shiga gidan maƙwabciyarta neman aron turmi, da wadda ta shigo a ranta mata tiyar gero, ba abu ɗaya suka roƙa ba. Turmin nan shi za a dawo da shi, da tsagarsa da komai. Geron kuwa an daka an ci, wani za a auno a biya. Babu Bahaushiyar da take rikita waɗannan biyun. Amma miƙa wa mai fassara takardar banki da aka rubuta da Turanci, inda kalma guda take ɗauke da duka biyun, sai ka ga a shafin farko ya sa rance, a na biyu bashi, a na uku lamuni, wani wurin har aro. Shi kuma ma'aikacin laburare da zai killace takardar, a ƙarƙashin wanne zai ajiye ta? Ran da ɗalibi ya zo nema ya rubuta "rance", duk takardar da aka yi wa alama da "lamuni" ta ɓace masa ke nan, alhali tana kan kanta.

Maganin wannan shi ne a ajiye kalma tukuna, a fara da abin da ake nufi. Wannan abin nufi, wanda yake zaune a tunani kafin a laƙaba masa suna, shi zan riƙa kira mafhumi, kamar yadda malaman zaure suke faɗa. Na guji "ma'ana" ne don ta yi faɗi da yawa. Aikin kuwa shi ne a warware kowane mafhumi zuwa siffofinsa, a ga inda ya haɗu da 'yan'uwansa da inda suka rabu, sannan a zaɓa masa suna.

Wanda ya kafa wannan tsari a zamanance injiniya ne ɗan ƙasar Ostiriya, Eugen Wüster, da ya rayu daga 1898 zuwa 1977. Kundin digirinsa na 1931 a kan daidaita harshen fasaha ya yi shi, musamman fannin lantarki, kuma ƙamus ɗin injunan ƙira da ya fitar a 1968 ba bisa jerin baƙaƙe aka tsara shi ba, bisa dangantakar mafhumai ne. Da katuna a cikin akwati ya yi aikin. Daga tafarkinsa ne aka sami cibiyar Infoterm a Biyana a 1971, da ƙa'idar ISO 704 da masu wannan sana'a suke bi har yau. Sai dai duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta mantiƙi, ko da Sullam ɗin Ahdari ne kawai, zai ji abin bai yi masa baƙo ba. Can ma an ce ta'arifi sai da jinsi da fasali, kuma ya zama jami'i mani'i, wato ya tattaro duk nasa, ya kore duk wanda ba nasa ba. Abin da kwamfuta ta ƙaro shi ne saurin tono shaida daga dubban shafuka, da kuma rashin kunya wajen nuna maka inda ka saɓa wa kanka.

Tara matani da wanke su

Fara da yanke fage ɗan ƙarami. "Harkar kuɗi" ba fage ba ne, daji ne. "Hanyoyin da dukiya take barin hannun wani zuwa hannun wani" ya fi kama hankali, kuma shi za mu riƙe a nan. Mafhumai ashirin zuwa talatin sun isa zama ɗaya.

Sannan ka tara rubuce-rubucen da masu fagen suke amfani da su: fassarar littattafan fiƙihu irin su Risala, takardun bayani na bankuna (tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 kalmomi irin su murabaha da ijara suka shigo bakin jama'a), labaran jaridu da na rediyo, kundayen ɗalibai, da hirar 'yan kasuwa in ka samu ka rubuta ta. Raba su gida biyu tun daga sunan fayil: wanda aka rubuta da Hausa tun asali, da wanda aka fassaro. Wannan rabon yana da amfani sosai, domin kalmar da ta cika matanin fassara amma ba ta ko leƙa bakin 'yan kasuwa ba, mai yiwuwa ƙirƙirar mai fassara ɗaya ce da aka yi ta kwafa.

Wankin matani shi ne aikin da ya fi cin rai, kuma a nan Hausa take da matsalolinta na kanta. Tsofaffin fayiloli da aka buga da keɓaɓɓen rubutun Hausa na kafin Unicode sukan buɗe da } a madadin ƙ, ] a madadin ɗ, da ~ a madadin ɓ. Waɗannan da sauƙi, umarnin "nemo ka musanya" ya wadatar. Masu wuya su ne waɗanda aka buga ba lanƙwasa sam, inda ƙasa da kasa suka zama abu ɗaya, ɓata da bata ma haka. Kada ka yi musanyar bai ɗaya a nan, za ka ɓata fiye da abin da ka gyara. Rubutun Nijar yana sa ƴ inda na Nijeriya yake sa 'y, don haka ka zaɓi ɗaya a kwafin aiki, ka bar na asali yadda yake. Littafin da aka ɗauki hotonsa aka sa na'ura ta karanta kuwa, sai ka bi shi da ido, don ƙ da ɗ su ne farkon abin da take ci. Ajiye komai a matsayin matani zalla da tsarin UTF-8.

Sa na'ura ta yi tankaɗe

Manhajar da na fi ba mai farawa shawara ita ce AntConc, wadda Laurence Anthony na Jami'ar Waseda a Tokiyo ya rubuta. Kyauta ce, kuma tana aiki ba intanet. Sketch Engine ya fi ta ƙarfi, amma na kuɗi ne.

Kafin komai, shiga wurin da ake gaya wa manhajar abin da za ta ɗauka a matsayin kalma, ka ƙara mata alamar hamza. In ba haka ba za ta datse "ma'ana" ta ba ka "ma" da "ana", "sana'a" ta zama "sana" da "a", lissafinka duka ya karkace. Ka lura kuma hamzar tana zuwa da siffa fiye da ɗaya, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, ka mayar da su iri ɗaya.

Jerin kalmomi bisa yawansu zai fara da kalmomi irin su da, a, ya, na, ta. Yi jerin irin waɗannan ka ce a tsallake su. Daga nan ka nemi gungun kalmomi biyu zuwa huɗu da suke yawan zuwa tare, domin keɓaɓɓun kalmomin Hausa galibi harɗaɗɗu ne: kuɗin ruwa, uwar kuɗi, jinginar gona, mai bin bashi. Wanda ya tsaya kan kalma ɗaya ɗaya zai ga "ruwa" ta yi yawa a takardun banki ya rasa dalili.

Amma kayan aikin da ya fi kowanne shi ne wanda ake kira KWIC, dabarar da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1950. Kana rubuta kalma, sai ta jero maka duk wurin da ta fito, ita a tsakiya, maƙwabtanta hagu da dama. Alamar tauraro tana tsaya wa kowane ƙarshen kalma, don haka jingin* zai kawo jingina, jinginar, jinginarwa. Kada ka saki jiki da wannan. Bashi jam'insa basussuka, ran* kuwa zai cika maka allo da rana da rani. Kuma tun da ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali, gadon kwana da gadon mamaci duk "gado" ne a wurin na'ura, "ranta mini" da "ranta ya ɓaci" ma ba ta ga bambanci. Karanta layukan da kanka, ka watsar da ƙaiƙayi.

Wata dabara mai rage wahala: haɗa kalmar da irin furucin da marubuta suke yi in za su yi bayani, kamar "shi ne", "wato", "ana kiran", "nau'i ne na", "ya kasu kashi", "bambancinsa da". Jimlolin da za su fito su ne masu ɗauke da siffofin da kake nema. Kwafe kowace tare da sunan fayil ɗin da ta fito.

Jadawalin siffofi

Nan ne zuciyar aikin. Buɗe Excel ko LibreOffice Calc. A layukan kwance ka jera mafhumai: aro, rance, haya, ajiya, jingina, kyauta, sadaka, zakka, wasiyya. A layukan tsaye ka jera siffofi, kowace a matsayin tambayar da amsarta i ko a'a: Ana mayarwa? Ainihin abin ake mayarwa? Mallaka tana komawa ga mai karɓa? Yana da izinin amfani da abin? Yana biyan wani abu? Wajibi ne? Sai bayan mutuwa? Inda amsa ta zama i, sa alama.

Aro zai sami alama uku: ana mayarwa, ainihinsa, da izinin amfani. Rance ana mayarwa, akwai izinin amfani, mallaka ta koma, amma gurbin "ainihinsa" fayau. Ga bambancin matan nan biyu ya fito a gurbi biyu kacal, na ainihi da na mallaka.

Yanzu sa manhajar ta nuna maka layukan da alamominsu suka zo iri ɗaya. Za ta ba ka ajiya da jingina, sannan kyauta da sadaka. Duk lokacin da haka ta faru, ɗayan biyu ne: ko sunaye biyu ne na mafhumi ɗaya, ko akwai siffar da ka manta. Kama da wane ba ta wane. Jingina tsaro ce ga bashi, ajiya ba ruwanta da bashi, sai ka ƙara wannan tambayar. Sadaka ana yin ta don neman lada, sai ka ƙara wannan ma, zakka kuma ta sami alama a ciki.

Da ka koma layukan KWIC na jingina don tabbatarwa, za ka ci karo da abin da ya fi wannan. A littafin fiƙihu, abin jingina yana hannun mai bin bashi ne a matsayin tsaro. A hirar manoma, wanda ya karɓi jinginar gona noma ta yake yi yana cin amfanin har ran da aka biya shi. A takardar banki kuwa, mai gida yana zaune cikin gidansa, takardun mallaka ne kawai suke hannun banki. Tambayar "yana da izinin amfani?" ta sami amsa daban daban, har da wata sabuwa, "abin yana barin hannun mai shi?" To wannan mafhumai uku ne suke sanye da riga ɗaya. Raba layin gida uku, kowanne da lambarsa. Ko daga baya za a bar su duka da sunan jingina ko za a ƙara wa kowanne bayani, wannan shawara ce ta gaba. Wanda ya fara daga kalma ba zai taɓa ganin wannan rabuwar ba, zai rubuta ta'arifi ɗaya da ba zai gamsar da alƙali ko manomi ko ma'aikacin banki ba.

Irin wannan jadawali yana da lissafi na musamman da Rudolf Wille ya gabatar a Darmstadt ta Jamus a 1982, shi da Bernhard Ganter suka faɗaɗa shi. Manhaja irin su ConExp tana karɓar jadawalin ta zana maka shi kamar raga: kowane ƙulli tarin abubuwa ne da siffofin da suka yi tarayya a kai, na sama ya fi faɗi, na ƙasa ya fi ƙunci. Abu uku nake dubawa a wannan zane.

Na farko, wanda ya zauna inda bai kamata ba. A jadawalinmu haya za ta faɗo ƙarƙashin aro, domin tana da duk alamomin aro da ƙarin biya. Wato na'ura tana cewa haya nau'in aro ce. Malamin fiƙihu ba zai yarda ba, mai gidan haya ma haka. Laifin namu ne: mun ɗauka rashin alama a gurbin biya ya isa, alhali "ba da biya ba" siffa ce ta aro da dole a rubuta ta da kanta. Da an ƙara ta, sai su koma kafaɗa da kafaɗa.

Na biyu, ƙullin da ba shi da suna. Bayan gyaran nan, aro da haya za su rataya a ƙulli ɗaya, "amfani da abin wani a mayar masa da ainihinsa", wanda Hausar yau da kullum ba ta ware masa kalma ba. Ba dole ne a ƙirƙira masa ba. Amma mai tsara laburare zai so shi, don nan ne zai rataya takardun da suka shafi duka biyun.

Na uku, hukuncin da na'ura ta ciro da kanta. Za ta ce, misali, duk abin da ake biya a kansa ana mayar da shi. Ka ji wannan ka san ƙarya ne, kuma da ka nemi misalin da zai karya shi sai ka tuna ba ka sa ciniki a jerin ba. ConExp tana da sashen da yake jero irin waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ko ka amince ko ka kawo misalin da ya saɓa. Wannan zama ne da ya kamata a yi shi da masanin fagen a gefe, da shayi, ba gaggawa. Gargaɗi ɗaya: kada siffofi su yi yawa, domin ashirin kawai za su iya haifar da ƙulli fiye da miliyan ɗaya in abubuwan sun yawaita, zanen ya zama saƙar gizo.

Ina bashi?

Da gangan na bar shi. Gwada sa shi a jadawalin, za ka ga tambayoyin ba su zauna masa ba. Rance aiki ne da ake yi, bashi kuwa nauyi ne da yake hawa wuyan mutum, ko ta rance, ko ta sayen kaya ba a biya ba, ko ta sadakin da aka yi ajalinsa. Dangantakarsu ta sababi da sakamako ce. Masu wannan aiki sun kasa dangantaka uku: ta jinsi da nau'i, kamar sadaka da sadakatul jariya, ta abu da ɓangarensa, kamar biyan rancen banki da ya ƙunshi uwar kuɗi da kuɗin ruwa, sai ta alaƙa kawai, kamar rance da bashi, ko zakka da nisabi. Kuskuren da na fi gani shi ne cusa ta biyu da ta uku cikin ta farko. Gwajin mai sauƙi ne: in ba za ka iya cewa "kaza nau'in kaza ne" bakinka bai yi nauyi ba, to ba ita ba ce. Lamuni ma a binciki layukansa, domin asalinsa tsaya wa wani ne, kafofin labarai suka ja shi zuwa rancen hukuma da na banki.

Ta'arifi da rumbu

In jadawali ya zauna, ta'arifi kusan kwafa ne: ɗauki ƙullin da yake sama, ƙara siffar da ta raba. Aro: ba wa wani abu ya yi amfani da shi ba da biya ba, bisa sharaɗin mayar da ainihinsa. Rance: mallaka wa wani abu bisa sharaɗin mayar da kwatankwacinsa. Cire kalmar daga wata jimla ta gaske ka sa ta'arifin a gurbinta, in jimlar ta tsaya, ya yi. Sannan ka sa na'ura ta nemo duk keɓaɓɓiyar kalmar da ta fito cikin ta'arifin wata, don kama masu zagaye, irin "rance bashi ne da…" a nan, "bashi rance ne da…" a can.

A rumbun ajiya, kowane mafhumi katinsa ɗaya da lambarsa da ba ta canzawa, ko da sunansa ya canza. A katin a sa fage, ta'arifi, inda aka samo shi, jimlar misali, dangantakarsa da sauran lambobi, sannan sunayensa a kowane harshe. Kowane suna a nuna matsayinsa, zaɓaɓɓe ne, ko karɓaɓɓe, ko wanda aka ce a bari, da jinsinsa da jam'insa, da yankin da ake faɗarsa. Yankin ba ado ba ne. Dala a bakin ɗan Kano kuɗin Amurka ne, a kasuwar Maraɗi kuwa sefa biyar ce, kuma takardar rance da ta rikita su ta jawo shari'a. Kada a goge sunan da aka ƙi, a bar shi da dalilin ƙin da kwanan wata, in ba haka ba bayan shekara biyu wani zai sake kawo shi a matsayin sabon tunani.

Jadawalin Excel ya isa ɗaukar 'yan ɗaruruwan katuna. In aiki ya girma, ko za a yi musaya da wasu, akwai tsarin TBX, wato ISO 30042, wanda manhajojin masu fassara suke karantawa. Ɓangaren laburare da ma'adanar takardu kuwa, daga wannan rumbun ake fitar da kundin kalmomin nema: suna ɗaya da za a riƙa yi wa takardu alama da shi, sauran kuma su zama masu nuni, ta yadda wanda ya rubuta "lamuni" za a kai shi ga "rance", a kuma nuna masa na sama da na ƙasa da na gefe. Ƙa'idar wannan ita ce ISO 25964, tsarin SKOS na 2009 kuma shi ne yadda ake ɗora shi a intanet. Mai son ganin babban misali ya duba AGROVOC na hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kula da shi da manhajar VocBench.

Kafin ka ƙirƙiri sabon suna, duba abin da magabata suka bari: ƙamus ɗin Bargery na 1934, na Abraham na 1949, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da jerin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Sau da yawa kalmar tana nan, an daina jin ta ne kawai. Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira za su ba ka jerin siffofi da ta'arifi cikin daƙiƙa, kuma ba laifi a karɓa a matsayin abin gwadawa. Amma sukan ɗauko rabe-raben Turanci su sa musu rigar Hausa, aro da rance su koma abu ɗaya, kuma sau da yawa ba sa nuna takardar da suka dogara da ita. Duk abin da suka ba ka, nemo shi a layukan KWIC ko a bakin masani kafin ya shiga kati. Wanda bai samu shaida ba, sa masa alamar "ana jira" a gurbin matsayi, ka kai shi zama na gaba tare da katunan jingina guda uku.